Kama da wane ba ta wane: hoton waya da aikin hannu

"Assalamu alaikum Malam. Ni maɗinki ne a unguwar Zongo, na haura shekara ashirin ina aikin wuyan riga da hula. Abu biyu ke damuna. Yanzu kusan duk wanda ya shigo shago da waya a hannu yake shigowa, ya nuna hoto ya ce irin wannan yake so. In na gama sai ya ce bai fito kamar na hoton ba. Ɗan ƙanwata da nake koya wa aiki shi ma ya daina duba tsofaffin rigunan da na adana, wai na waya sun fi kyau. Na biyu, ni da nake cinye littafi a dare biyu, yau shafi uku nake yi hannuna ya kai ga waya. Intanet ce ke ɓata mana ido da hankali, ko tsufa ne ya zo mini? Kuma in hana yaron waya a shago?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sannu da aiki, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayarka kamar biyu ce, amma da na juya ta sai na ga gindinta ɗaya: abin da a da yake zuwa mana ta hannu da ƙafa, a hankali, yanzu ta gilashin waya yake zuwa, da yawa kuma da gudu. Kana son sanin ko sauyin hanya ya sauya kayan da idon mai kallo. Ya sauya, kuma ba tsufa ba ne. Sai dai in ba mu gane ta ina ruwan ke shigowa ba, wata kafar daban za mu toshe.

Bari in faɗi inda nake tsaye. Mahaifina magini ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, cikin masu yi wa fuskar gida ado tun yaɓe yana ɗanye. Ni ban gaji ginin ba. Na fara da rubuta allunan shaguna da fenti, daga baya na koma kwamfuta, yau katin biki, kalanda da bandarol nake tsarawa ina bugawa. Ke nan na ci abinci da bango, na ci da gilashi. Allura kuwa taka ce, ba ni zan koya maka riƙonta ba.

Abin da hoto ke zubarwa a hanya

Mu fara da girma. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, tsayinsa ya haura mita 5. A gidan tarihin Louvre na birnin Faris kuma akwai zanen nan da duniya ke tururuwar gani, Mona Lisa, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53, kusan rabin dardumar salla ke nan. Ka buɗe su a waya, kowanne tafin hannu ne. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To waya mudu ɗaya gare ta, da shi take auna raƙumi da sauro, har idon ya fara manta kimar. Mutumin da ya miƙo maka hoton wuyan riga bai san ko aikin taƙi biyu ne ko kamu guda ba. Bai san kaurin zaren ba, bai san ƙirjin wanda aka yi wa rigar ba. Kai kuwa dole ka yanke waɗannan duka kafin allura ta shiga yadi.

Sai haske. Fuskar waya fitila ce, launin da kake gani daga ciki yake fitowa, daga ƙananan ɗigo masu ja da kore da shuɗi. Zare da shadda da fata ba su da hasken kansu, na rana suke ara su mayar maka. Wannan rigima kusan kowane mako nake shan ta. Injin bugu tawada huɗu yake gaurayawa, kuma akwai launukan da gilashi ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya kai musu, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙuna. Amarya ta zaɓi launi a wayarta da dare cikin ɗaki mai duhu, ta zo karɓar kati da tsakar rana ta ce an canza mata. Ba a canza ba. Ka haɗa da cewa mai tallar kaya yakan ƙara wa hoto ƙarfin launi kafin ya ɗora, sai ka ga abin da ake cewa ka kwaikwaya ko mai rigar bai taɓa ganinsa da idonsa ba.

Akwai kuma abin da hanyar kanta ke ci. Yawancin hotunan da ke yawo a tsarin JPEG suke, wanda aka fitar tun 1992, kuma dabararsa ita ce zubar da ƙananan bayanan da ake ganin ido ba zai lura da rashinsu ba. WhatsApp ma, in ka tura hoto yadda aka saba, sai ya ƙara matse shi don kada ya ci mega da yawa. Wannan ya tura, na gaba ya sake ɗauka ya tura, kowane zango ana sauke kaya. To mene ne ƙananan bayanan? A hoton riga su ne sana'arka: tazarar ɗinki, inda zare ya hau zare, inda maɗinki ya juya allura. Lokacin shirin bikin ranar Jamhuriyar Nijar, 18 ga Disamba na 2018, da aka yi a nan Damagaram, wani ya kawo mini hoton da ya sha yawo a wayoyi, ya ce in buga masa a bandarol mai mita 3. A wayarsa fes yake. Da na buɗe shi a girman da yake so, fuskar mutumin ta koma kamar an jera tubali. Ya rantse injina ne ya lalace.

Wanda ya fi ci mini rai ya shafi aikin mahaifina. Adon bangon Birni da inuwa ake karanta shi. Magini ya tayar da wannan layi daga jikin yaɓe, ya nutsar da wancan, sauran aikin rana ce ke yi. Ka tsaya gaban gida ɗaya da hantsi, ka dawo bayan la'asar, za ka rantse bango biyu ka gani: dagin da ya kwanta da safe ya miƙe, wanda ya fito ya ɓuya. Hoto daƙiƙa ɗaya yake kamawa cikin yinin nan duka. Tun 2006 Nijar ta saka Birni da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, amma ka nemi Zinder, wato Damagaram, a intanet ka gani: ƴan gidaje masu fenti mai kala ake ta maimaitawa. Bangon da aka shafe da makuba, wanda kyansa duka a tudu da kwarin yaɓen yake, ba ya ɗaukuwa, don haka kamar babu shi. Babbar riga ma haka take. Nauyinta, ƙyallin bugu, yadda aska takwas ke sauka a ƙirji in mai ita ya naɗe hannu ya ɗora a kafaɗa, da bayan ɗinkin da kake juyawa ka duba kafin ka yaba wa wani, babu ko ɗaya da ke shiga waya. In mai kaya ya ce bai fito kamar na hoto ba, gaskiya ya faɗa, sai dai laifin ba na allurarka ba ne.

Wa ya jera wa yaron abin da yake gani

Ɗan ƙanwarka ya ce na waya sun fi kyau. Kafin ka yi fushi ka tambayi kanka wa ya zaɓo masa su. Facebook, Instagram, TikTok da Pinterest ba sa tantance aiki yadda tsohon maɗinki zai tantance. Lissafi suke yi: a kan wane hoto yatsa ya tsaya, wanne aka yaba, wanne aka tura wa wani. Wanda ya tsayar da mutane da yawa sai a ƙara nuna shi. To me ke tsayar da yatsa a hoto mai girman akwatin ashana cikin ƙiftawar ido? Launi mai ƙarfi a kan mai ƙarfi, ƙyalƙyali, aiki mai cika wuri. Farin zare a kan farar shadda, wanda dattawa ke matsowa su shafa su girgiza kai, a waya farin yadi ne kawai, sai ya nutse. Masu sana'a kuma suna ganin abin da ke kawo ciniki, sai su fara yin aiki domin hoto. Daga 2010 da aka buɗe Instagram har 2015, hoton da tsawonsa da faɗinsa suke ɗaya kaɗai yake karɓa, shekara biyar mutane suna yanke duniya don ta shiga akwatin nan. Yau bidiyo na tsaye ke mulki.

A tawa sana'ar abin ya fi muni, kuma da hannuna a ciki. Tun da Canva ya fito a 2013 da shiryayyun samfura, wanda bai taɓa riƙe fensir ba yana haɗa katin biki cikin minti goma. Ina amfani da shi in aiki ya yi yawa, ba zan ɓoye ba. Amma ka tara katunan auren da suka shigo gidanka bana ka shimfiɗa a tabarma: furen zinariya iri ɗaya a kusurwa, rubutu mai lanƙwasa iri ɗaya, shi ne a katin Maraɗi, shi ne a na Kano. Matan gidanmu sun ce lalle ma ya koma haka.

Kada ka ɗauka aro nake zargi. Damagaram garin fatauci ne tun fil'azal. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884, ayari na zuwa daga Tarabulus, wani daga Kano, wani daga Borno, kowanne da kayansa da adonsa. Hular da kake ɗinkawa ake ce mata zanna bukar, sunan kaɗai ya gaya maka inda ta fito. Maginan Kano da Zariya sun saka keke da jirgin sama a bangon gidaje, ba wanda ya ce sun bar gado. Bambancin yana wani wuri, kuma na daɗe kafin in gano shi. A da, in magini ya je Kano ya ga wani ado, da ido yake ɗauko shi. Kafin ya iso gida ya manta rabi. In ya tsaya gaban ɗanyen yaɓe, rabin da ya manta sai ya cike da abin da hannunsa ya saba, da abin da ubangidansa ya koya masa. Abin da ya fito ya tashi daga na Kano ya zama na Damagaram. Ta mantuwar nan salon gari ke shiga. Waya kuwa ba ta mantuwa. Yaro ya jingina ta a jikin keken ɗinki ya kwafi layi bayan layi, babu gurbin da zai cike da nasa. Shi ya sa za ka ga hannunsa ya faɗa da wuri, amma in ka ɗauke wayar ka ba shi farin yadi sai ya tsaya yana kallonka.

Sabon abin da ya ƙaru tun wajen 2022 shi ne hotunan da na'ura ke ƙirƙirowa da kanta. An fara kawo mini su, kai ma suna tafe: riga mai kyau kamar a mafarki, amma in ka bi layin dagin da yatsa sai ka ga ya shiga ƙarƙashi bai fito ba, ko biyu sun narke sun zama ɗaya. Ba allurar da ta taɓa ɗinka ta. Wanda ya saba bin zare da hannu ne kaɗai ke kama wannan, kuma shi ne babban dalilin da zan ba ka na kada yaron ya rabu da tsofaffin rigunanka.

Bari in ɗan ratse ta haruffa, don a nan na ga intanet ta mayar da dama abin da ta karɓe da hagu. Shekaru muka yi muna fama da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don yawancin kyawawan haruffan kwamfuta Turawa suka zana wa harsunansu. Na taɓa buga "Maraba da baƙi" don ƙofar wani taro, injin ya saka ɗan akwati a gurbin ƙ, ban lura ba sai da aka rataya. Da yawa suka gaji suka jefar da ƙugiyar, har yaranmu suka saba rubuta fada ko wurin shan shayi suke nufi ko faɗa. Yau maballan Hausa na waya kyauta ne, kuma tun da dokar 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar ba mu da sauran uzuri. Ajami ma ya samu rabonsa. A 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutunmu na Warshu cikin Unicode, kundin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, kuma akwai salon haruffa mai suna Alkalami da aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, kowa na iya saukewa. Sai dai duk alif ɗin da ke cikinsa tagwayen juna ne, alhali a allon zayyana ba alif biyu da suke ɗaya, don alƙalamin kara yana shan tawada yana ƙarewa.

Shafi ukun nan

Ba kai kaɗai ba ne, ni ma na faɗa. Ido yana koyon tafiya kamar yadda ƙafa ke koyo. A 2006 kamfanin Nielsen Norman na Amurka ya bi ƙwayar idon mutane da na'ura suna karanta shafukan intanet, ya ga da yawa ba sa bin layi-layi: su karanta na sama, su ɗan taɓa na ƙasa da shi, sannan su gangara ta gefe suna tsintar kalmomi, kamar siffar harafin F. Tafiyar kiwo ce, ta dace da neman labari ko farashi. Amma idon da ya yini yana ta, in ka ba shi littafi da dare da ita zai shiga. A 2018 kuma wasu masu bincike suka tattara sakamakon nazari 54 da ya shafi mutum fiye da 170,000, suka ga fahimta ta fi zama a takarda. Ratar ba babba ba ce, ta fi fitowa a rubutun ilimi da kuma inda aka ƙayyade wa mai karatu lokaci. A ƙagaggen labari kusan babu ita. Na kawo wannan don kada mu zarce.

Mu da muka yi makarantar allo mun san wani abu mai kama da wannan tun kafin a auna. Mahaddaci ba ya son a canza masa Alƙur'anin da ya saba da shi, don yana tuna aya da wurinta: saman shafi ta dama, kusa da inda takardar ta ɗan yage. Takarda na ba hankali wurin taka ƙafa. Rubutun da ake ja da yatsa ba shi da sama ba shi da ƙasa, ba kauri a hannu da zai gaya maka saura nawa. Ni har yau ba na sakin aiki sai na buga shi a takarda na bi da bik. Kuskuren da na tsallake sau uku a kwamfuta, a takarda shi ke fara gaishe ni.

Amma babban ɓarawon maƙwabtan shafin ne. Littafi ba ya ƙara a aljihu. A waya kuwa abin da kake karantawa gida ɗaya yake da saƙon murya na dangi, da bidiyon kokawa, da mai bin ka bashi. Kowane leƙe yana biyanka nan take, littafi kuwa sai ka yi masa haƙurin shafi goma. Hannun da ke kai wa waya a shafi na uku sabo ne ke jansa, kuma sabo ana sauya shi. Rubutun kansa ma ya bi hanyar da ɗinki ya bi. Marubutan labaran Hausa waɗanda a da suke kai littafi maɗaba'a a Kano, da yawansu yanzu a WhatsApp da Wattpad suke sakinsa kashi-kashi, kowane kashi a yanke shi daidai inda zuciya ta rataya don a dawo gobe. Ba na raina wannan. Ƴata ta karanta Hausa a waya fiye da duk abin da na karanta ina shekarunta, kuma yarinyar da ke ƙauye bayan Mirriya ko Magarya ba ta da hanyar da ta fi wannan. Labarin da ke son a ajiye shi a yi tunani ne dai ke shan wahala a kasuwar yau.

Abin da ya yi mini magani ƙarami ne. Bayan isha ina barin wayar a caji a zaure, in shiga ɗaki da littafi. Makon farko shafi biyar nake yi, ina ta jin kamar ana kirana. Kafin wata ya ƙare na koma yadda nake. In kuma dole a waya za ka karanta, sauke littafin ka kashe rezo.

Yaron da wayarsa

Hana shi waya a shago ya fi komai sauƙin faɗa, kuma ban ba ka shawararsa ba. Zai duba a fada da dare, ya ɗauke ka tsohon da zamani ya wuce. Masu kawo aiki da waya kuma ba za su fasa zuwa ba. In bai iya duba hoto ya gane abin da zai ɗinku da wanda ba zai ɗinku ba, ka rage masa sana'a. Sake masa ita yadda ya ga dama kuwa, ka riga ka ga inda ya kai. Abin da nake yi da yaran shagona shi ne in dawo musu da mantuwar nan da gangan. Yaro ya zaɓi hoton da ya burge shi ya kalla iya son ransa. Sannan a kife wayar, ya ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da fensir ya zana abin da ya rage a kansa. Ranar farko kunya yake ji, don rabi ya tafi. Sai in ce ya cike da nasa. Bayan wata biyu, in kayen ya ɓace a shago ana gane na wane ne ba sai an duba suna ba.

Tsofaffin rigunan kuma kada ka ce masa sun fi na waya kyau, gardama ce da ba za ka ci ba. Ba shi aiki a kansu. Ya juya ɗaya ya ƙirga ɗinki nawa ne a faɗin yatsa, ya bi layin dagi daga inda ya tashi har inda ya koma, ya gano maka ta ina maɗinkin ya soma. Sannan ya ɗauki rigar hoto da wayarsa ya kwatanta da wadda ke cinyarsa. Da kansa zai ga abin da ya zube. Wata Juma'a ku shiga Birni da hantsi, ku koma bayan la'asar, bango ɗaya. In da hali ku leƙa wurin dukawa ya murza jar fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Ja ce da ban taɓa ganin gilashi ko tawada sun kama ta ba.

Masu kawo hoto kuwa, bayani kafin aiki ya fi rantsuwa bayansa. Ni ina da ɗan littafin launuka da na buga da injina, a ciki nake sa mutum ya zaɓa, a bakin ƙofa cikin hasken rana. Kai ma ka tanadi ƙyallaye masu samfurin ɗinki, ka ɗora a ƙirjin mai riga ya duba madubi, ka zana masa girman aikin da alli a kan yadin, sannan ka karɓi kafin alƙalami. Wanda ya nace sai hoton sak, in ka ga aikin injin kwamfuta ne ka faɗa masa ya kai wa masu injin, can zai fi samun abin da yake so.

Ba zan ce maka wannan hanya na ci kullum ba. A shago ɗaya na gwada ta, a kan takarda da fenti, kuma zare na da halinsa da ka fi ni sani. Cikin yaran da na koya wa, ɗaya ya ga zanen kaye ɓata lokaci ne, ya tafi ya buɗe nasa da waya da shiryayyun samfura, kuma yau ya fi ni ciniki lokacin bukukuwa. Ban ji daɗi ba, amma ban ce ya yi kuskure ba, yana ciyar da gida. Kasuwa na iya jan ɗan ƙanwarka haka, ka shirya wa wannan ma.

Akwai aiki ɗaya da nake ganin zai haɗa ku. Abin da ba a ɗora ba intanet ba ta san da zamansa ba, kuma rigunan da ke akwatinka suna cikin wannan. Za a kwafa, na sani, amma gara a kwafi aska takwas ɗinka da a ce yaran Zongo ba su taɓa ganinta ba. Sai dai a ɗauka da kyau. A inuwa, hasken ya zo ta gefe don tudun zaren ya fito. A ajiye awon tela ko ƙwandalar dala ashirin a gefe don a san girma. Kowace riga a ɗauke ta gaba ɗaya, a ɗauka kusa-kusa, a ɗauki bayan ɗinkin, a kuma ɗauka a jikin mutum. A rubuta sunan aikin da Hausa da ƙugiyoyinsa. In za a tura wa wani a tura a matsayin fayil, don WhatsApp ba ya matse abin da aka aika ta wannan hanyar. Wannan ɓangaren yaron ya fi ka iyawa, ka bar masa, kai ka riƙe yadin. In kun shirya ku zo da riguna biyu ranar Alhamis kafin kasuwa ta cika. Ina da farin allo da za mu shimfiɗa su a kai, kuma hasken ƙofar shagona ya fi kyau kafin ƙarfe goma.